Yadda muka rufa wa makarantar ƙauyenmu kwano daga Mancesta

Hoton ya shigo wayata wajen ƙarfe uku na dare, ina hutun rabin sa'a a asibitin da nake aikin jinya. Ƙanena ne ya turo daga ƙauyenmu a ƙasar Haɗeja, a ƙarshen damunar 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa da jihohi da dama. Ajin da na yi firamare uku a cikinsa ne. Iska ta yaye kwanon, katakon ya rufto, bangon gabas ya sha ruwa ya tsage daga sama har ƙasa. A jikin allo akwai lissafin da wani malami ya rubuta da alli, ba a ma goge ba. Na daɗe ina kallonsa, har shayina ya huce.

Kafin in koma bakin aiki na tura hoton a zauren WhatsApp na Hausawan da ke zaune a Mancesta da kewaye. Ba mu da yawa, kuma mun san juna: ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, direbobi, ɗalibai masu digiri na biyu da na uku, da likitoci kaɗan. Muna adashi, muna haɗuwa a suna da ta'aziyya. Ban roƙi kowa komai ba, cewa kawai na yi, "Ku ga makarantarmu." Gari na wayewa na tarar da saƙonni sun fi hamsin, kowa na neman lambar asusu. Ni kuma da zumuɗi na bayar da tawa. Cikin mako guda kusan fam 900 ta taru a asusuna, haɗe da albashina da kuɗin cefane.

Maigidana ne ya fara taka mini birki. Ya ce, "Yanzu in wani ya tsare ki ya ce nuna mini inda fam ashirin ɗina ta shiga, me za ki nuna masa?" Na ji haushi a lokacin, domin kamar yana zargina. Da na kwana da maganar sai na ga gaskiyarsa. Duk mun san gidauniyoyin da aka kafa da kabbara aka watse da gaba, ba lallai don wani ya ci kuɗi ba, sai don babu wanda ya iya nuna lissafi.

Muka yi zama na farko a falon wani dattijo da kowa ke kira Baba Alhaji, a unguwar Cheetham Hill. Mutum goma sha huɗu muka hallara, kowa da tsarinsa a ka. Wani yana son a kai kwamfutoci. Wata tana son ɗakin karatu. Wani ɗalibin injiniya har ya zo da lissafin sola a takarda. Baba Alhaji ya bar mu muka gama, sannan ya ce a kira hedimastan a sa a amsa-kuwwa. Bayan gaisuwa mai tsawo da jajen ruwa, ya ce masa, "Malam, in kai ne da kuɗin a hannu, da me za ka fara?"

Malam bai yi dogon tunani ba. Ya ce kwano, domin aji uku suna ƙarƙashin darbejiya, kuma sanyi na tafe. Sai makewayi. Ya ce 'yan matan aji biyar da shida sukan tafi gida lokacin tara don su kama ruwa, kuma yawancinsu ba sa dawowa sai washegari, wasu ma daga nan suke bari gaba ɗaya. Na uku, ruwan sha. Da aka ambaci kwamfuta sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Allah ya saka da alheri, amma ina zan ajiye ta, ranka ya daɗe? Ofishina ma yoyo yake." Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa. Ɗalibin nan ya ninke takardar solarsa ya sa a aljihu.

Daga nan aka shiga abin da ya fi cin rai a duk tafiyar, wato rajista. A Ingila, ƙungiyar agaji da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara dole ta yi rajista da hukumar da ake kira Charity Commission. Mu muka zaɓi nau'in da ake kira CIO, wanda shi ana masa rajista ko nawa ne kuɗinsa, kuma ƙungiyar ce ke ɗaukar nauyin kanta a gaban doka, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Aka fitar da amintattu biyar, aka ɗora mini ma'aji, wai tunda ni na tsokano. Muka rubuta kundin tsari, muka fayyace manufa: tallafa wa ilimin yara a yankin kaza na Jihar Jigawa. Da yake aikin a wata ƙasa za a yi shi, tambayoyin da suka biyo baya duk a kan abu ɗaya suke: wa zai karɓi kuɗin a can, ta wace hanya za a aika, da me za ku tabbatar an yi abin da aka ce. Na amsa su a teburin kicin bayan na dawo daga aiki, wani lokaci idanuna na rufewa.

Buɗe asusun banki ya fi rajistar wahala. Banki na farko ya karɓi takardunmu, ya yi makonni shiru, sannan ya aiko da wasiƙa mai layi uku cewa ba zai iya ba, babu dalili. Daga baya wasu 'yan Somaliya da Pakistan masu irin wannan aiki suka ce mana kada mu damu, su ma sun sha haka. Da zarar an ga ƙaramar ƙungiya za ta riƙa aika kuɗi irin ƙasashenmu, sai a yi ta jan ƙafa. A banki na uku muka dace. Ranar da na kwashe kuɗin jama'a daga asusuna na zuba a na ƙungiya, barcin da na yi ya fi na kowane dare a watannin nan.

Ana cikin haka azumin 2023 ya kama, a watan Maris. Kowa ya san hannu ya fi sakuwa a Ramadan, don haka muka shirya buɗa-baki na neman taimako a wani zaure da muka kama haya. Kafin ranar, wata Hajiya ta tayar da tambayar da ban taɓa kawowa a raina ba: ita zakkarta take son bayarwa, ya halatta a sayi kwano da ita? Muka je wurin limamin masallacin da muke salla. Ya karanto mana aya ta 60 a Suratu Tauba, inda aka jero mutum takwas da ake ba zakka, ya ce malamai sun yi saɓani a kan gini, amma mafi yawansu suna ganin zakka sai an damƙa ta a hannun wanda ya cancanta. Shawararsa ita ce mu raba jaka biyu. Sadaka ta tafi gini, zakka kuma a miƙa ta ga iyaye matalauta da masu riƙon marayu, su yi wa yaransu kayan makaranta. Haka muka yi, kuma har yau littafina shafi biyu ne.

Masa ce ta rufa mana asiri. Mata shida muka jiƙa shinkafa tun daren Juma'a, muka niƙa, muka bar ƙullin ya tashi kusa da hita saboda sanyin garin ba ya barin ƙulli ya kumbura yadda ya saba. Tanda biyu kawai muke da su a duk Mancesta, ɗaya ma a akwati aka zo da ita daga Kano. Aka yi miyar taushe, aka yi dambun shinkafa da zogale busasshe, aka yi zoɓo da kunun gyaɗa, maza suka gasa tsire a bayan zauren cikin yayyafi. Babbar 'yata, wadda a nan aka haife ta, ita ta tsaya kai da fata sai an manna takarda a jikin kowane kwano an rubuta abin da ke ciki. Na ce mata wa bai san tsire ba? Ta ce, "Umma, yajin nan da ƙuli-ƙuli a ciki. In ɗan wani yana da cutar ƙin gyaɗa fa?" Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha ganin yadda abin ke shaƙe yaro, amma ban taɓa haɗa shi da yajin tsire ba. Na yi shiru na miƙa mata alƙalami.

A wannan daren na koyi Gift Aid da kyau. Tsari ne na gwamnatin Birtaniya: in mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji fam ɗaya, ƙungiyar tana iya karɓo ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji, HMRC, ba tare da mai bayarwar ya ƙara ko sisi ba. Fam 100 ta zama 125 ke nan. Sharaɗin shi ne mutum ya cika 'yar takarda da sunansa da adireshin gidansa, ya tabbatar yana biyan harajin da ya kai abin da za a karɓo. Kuɗin da aka sayi abinci da shi ba ya ciki, domin ciniki ne, ba kyauta ba. Wanda ya tattaro na abokansa ya kawo a dunƙule, shi ma ba za a nema da sunansa ba. To, a nan muka yi karo da tarbiyyarmu. Mutanenmu sun taso a kan cewa sadakar da hannun dama ya bayar, hagu ma kada ya sani. Wani bawan Allah ya saka ambulan mai kauri a akwati ya juya zai fita, na bi shi da takarda har bakin ƙofa. Ya ce, "Hajiya, don Allah na yi, ba don a rubuta ba." Na ce, "Alhaji, ni kaɗai zan gani, sai hukuma. In ka ƙi sa hannu, ka hana yaran nan rubu'in abin da ka bayar." Ya tsaya jim, ya karɓi biro.

Akwai shawarar da muka ƙi. Wata abokiyar aikina Baturiya ta ce mu sayar da tikitin cankar kyauta, kamar yadda suke yi a makarantunsu da coci-coci. Na yi mata bayani cewa a wurinmu wannan caca ce. Ba ta ji haushi ba, sai ta kawo wata: tattaki. Bayan salla muka zagaya Heaton Park, kowa ya nemi 'yan uwa da abokan aiki su ɗauki nauyin tafiyarsa. Ita kaɗai ta tara fiye da mutum biyar a cikinmu, domin ba ta jin nauyin tambaya. Mu kuwa roƙo yana mana wuya ko da ba don kanmu ba ne.

Kuskurenmu mafi girma littattafai ne. Wani ya yi sanarwa ba da shawara ba, sai ga kwalaye suna ta sauka a garejin Baba Alhaji har mota ta rasa wurin shiga. Da muka buɗe, yawanci tatsuniyoyin yaran Turawa ne masu dusar ƙanƙara da Kirsimeti, da tsofaffin littattafan jarrabawar sakandaren Ingila. Muka tambayi kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas, da na fito da kaya, da na mota daga can zuwa Jigawa, sai muka ga ya isa a yi wa aji guda benci. Muka kwashe su zuwa kasuwar da ake baje kaya a bayan mota ranar Lahadi, muka karyar. Kuɗin muka aika aka sayo littattafan Hausa da Turanci da lissafi na manhajar Najeriya a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wasu da suka kawo littattafan ba su ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai maganar aika kuɗi, wadda ta kusa raba kan amintattu. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a hannun 'yan canji kuwa ta haura 700. Biyu daga cikinmu suka ce hauka ne mu bi ta banki mu yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku, alhali akwai ɗan kasuwar da za mu ba fam a nan, yaronsa ya ba da naira a Kano cikin awa ɗaya. Haka dukkanmu muke aika wa iyayenmu, ba wani baƙon abu ba ne. Amma wannan ba kuɗinmu ba ne, kuma babu takardar da za mu nuna. Na ce in aka bi ta nan, a nemi wani ma'aji. Aka yi ta ja-in-ja har takardun banki suka kammala, kuma kafin mu aika ko kwabo, a watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta, dala ta haura 700 a banki ma. Tazarar da muke faɗa a kanta ta kusa ɓacewa. Ba dabarata ba ce, jinkiri ne ya zo da alheri. Murnar ma ba ta yi nisa ba, domin a ƙarshen Mayu an cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma duk abin da mota ke ɗaukowa ya bi ta, daga tifar yashi har bandir ɗin kwano.

A can gida ma akwai tsari. Makarantar ta gwamnati ce, ba a tashi kawai a hau gini. Malam ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, aka ba da izini a rubuce. Aka farfaɗo da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda ya haɗa iyaye da malamai da wakilin dagaci da liman da mata biyu, aka buɗe masa asusu da sa hannun mutum uku. Muka tsara cewa kuɗi kashi-kashi zai riƙa tafiya: a gama mataki, a turo hoto da rasit, sannan a saki na gaba. Kowane aiki kuma sai an kawo farashi daga mutum uku.

Wannan ƙa'idar ce ta haɗa ni da Kawuna. Ɗansa yana 'yar kwangila, kuma tun da aka ji labari gidan suka ɗauka aikin nasa ne. Farashin da ya kawo ya fi na sauran biyun nesa ba kusa ba. Ko da ma bai fi ba, dokar amintattu ta ce in fita daga zaman da za a yanke hukunci a kan ɗan uwana, kuma na fita. Kawu ya kira ni da daddare. "'Yata, ashe Turai tana sa mutum ya manta jininsa?" Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, kuɗin ba nawa ba ne, amana ce." Ya ce amana ai a gida take farawa, ya kashe waya. Wata bakwai bai ɗauki kirana ba. Mahaifiyata ce ta sha zaryar sulhu, kuma har yanzu gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne gayya. Dagaci ya sa aka yi shela, samari suka fito suka kwashe ɓaraguzai, suka haƙa ramin makewayi, suka yi ta jigilar ruwa a kura don buga bulo. Mata suna aiko da fura da ɗumame. Birkila da kafinta kawai aka biya. Wasu matasa biyu masu NCE da ke zaune ba aiki suka ce za su riƙa koyarwa kyauta. Kwamiti ya ce a'a, a yanka musu ɗan alawus ko na sabulu ne, don aikin sa kai da yunwa ba ya daɗewa. Na yarda da wannan ƙwarai.

Rasit kuwa sai da muka yi ta fama. Mai sayar da siminti a Haɗeja yana da littafinsa mai hatimi. Amma mai yashi fa, da mai kura, da wanda ya sayar da ƙusa a kasuwar ƙauye? Rasit na farko da kafinta ya turo, a jikin yagaggen buhun siminti ya rubuta shi da ajami, ya dangwala yatsa da baƙin mai. Na yi dariya har da hawaye, sannan na buga hoton, na rubuta fassararsa a ƙasa, na saka a fayil. Daga baya muka sayi littafin rasit muka ba sakataren kwamiti, shi yake rubutawa, mai kaya ya sa hannu ko ya dangwala, shaida ɗaya ya sa nasa.

Kwanon aji uku ya hau kafin sanyin ƙarshen 2023. Makewayin ne ya faɗa cikin tsadar farkon 2024, lokacin da dala ta wuce naira 1,500, fam ta doshi 2,000, buhun siminti kuma ya kai naira 10,000 har ya wuce a wasu wurare. Fam ɗinmu ta ƙara auki a takarda, amma farashin da aka kawo ranar Litinin ba ya kaiwa Alhamis. Muka rage ɗakunan daga shida zuwa huɗu, biyu na mata a gefe guda da katangarsu, biyu na maza a ɗaya gefen. Rijiyar burtsatse ba mu iya ba a wannan zagayen. Tsohon famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara uku a mace aka gyara.

Hotuna ma sai da aka yi magana a kansu. Na so in saka na wasu yara zaune a ƙasa da yagaggun riguna, domin na san irinsa ne ke taɓa zuciya a intanet. 'Yata ta ce, "Umma, in ni ce a hoton, za ki saka?" A can ma ashe dagaci ya riga ya faɗa wa Malam cewa kada a mayar da 'ya'yansu abin bara a idon duniya. Tun daga nan gini muke ɗauka, da allo, da bayan yara in suna layi.

Na je gida a Disambar 2024. Na shiga ajin nan na firamare uku, na ɗaga kai na ga sabon kwano, ƙurar hunturu ta riga ta dusashe shi. Yara sun cika ɗakin maƙil, huɗu-huɗu a bencin mutum uku, wasu a ƙasa a gaban allo. Malam ya ce tun da aka ji an gyara, rugagen Fulani biyu na kusa suka fara turo 'ya'yansu. Ya kai ni bayan makaranta ya nuna mini makewayin mata, da buta biyu a rataye, da kwaɗon da yake rufewa in an tashi saboda 'yan kasuwar Laraba. Da zan tafi ya zaro takarda daga aljihun rigarsa, a ninke huɗu. Benci arba'in, ƙofofi biyu da gara ta ci, da robar famfo da ta fara zuba.

Takardar tana manne a jikin firij ɗina yanzu. Zama na gaba ranar Asabar ne a falon Baba Alhaji, kuma an ce ni zan jiƙa shinkafa.